Babi na Shida: Gansakukar Ruwan Gishiri

Wanda ya taso a Kano ko Katsina gansakuka ɗaya ya sani, koriyar nan da ke lulluɓe kududdufi idan damina ta ja baya, ko wadda ke fitowa a gindin randa da bakin rijiya. Da ya gan ta ya san ruwa ya daɗe a kwance, magana ta ƙare. A ruwan gishiri abin ya fi haka faɗi. Gansakukarsa dangi-dangi ce: akwai mai launin tsatsa, akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan hoda wadda ta fi ƙarfin farce, kuma kowace da abin da ya kawo ta. Duk wanda ya kafa akwatin gilashi na kifin teku a falonsa ko a ofishinsa a Apapa zai haɗu da mafi yawansu kafin shekara ta zagayo, ko ya so ko ya ƙi.

Kiwon kifin ado na teku bai kai kiwon tarwada yaɗuwa a Legas ba, ko kusa. Yana cin kuɗi, yana kuma cin haƙuri, kuma haƙurin ne ya fi ƙarewa da wuri. Mutum ya sayi akwati, ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsu, ya kunna fitila, sati biyu yana kallon ruwa garau. Ranar da ya wayi gari ya ga ƙasa-ƙasa ta rufe yashin, sai hankalinsa ya tashi. Ya kwashe komai, ya wanke da omo, ya sake zuba sabon ruwa. Da wannan wankin ya kashe abin da akwatin ya yi sati biyu yana ginawa, kuma bayan wani sati biyun ƙasa-ƙasar za ta dawo daidai inda ta tsaya. Abin da nake so mai karatu ya fita da shi daga wannan babi shi ne ya iya karanta gansakuka kafin ya kankare ta, domin ita ce ke fara faɗa masa halin da ruwansa yake ciki, tun kafin kifi ya nuna alamar ciwo.

Sai mu fara da ruwan. Apapa ruwa ya kewaye ta: tashar jiragen ruwa ta gabas, mashigin Badagry ta kudu, ga tsibirin Tin Can da aka buɗe tasharsa a 1977. Mutum zai ce ga teku a ƙofar gida, me zai hana a aika yaro da jarka ya ɗebo? Abin da ke gaban Apapa ba tsantsar teku ba ne. Mahaɗa ce tsakanin tekun Atlantika da ruwan daɗin da kogin Ogun da sauran rafuka ke zubowa cikin tafkin Legas. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma haka take rani da damina. Ruwan tafkin kuwa da damina gishirinsa yakan faɗi har ya kusa zama ruwan daɗi, da rani ya sake hawa. Kifin da ya fito daga cikin duwatsun murjani na ƙasan teku bai san wannan hawa da sauka ba, ba kuma zai jure shi ba. Ga man jirage, ga abin da magudanan gari ke kwararowa. Saboda haka masu kiwo haɗa ruwansu suke yi: gishiri na musamman da ake sayarwa don wannan aiki, a narka shi cikin ruwan da aka tace da injin tacewa mai matsi. Gishirin miya ba ya yi. Ruwan 'yan garuwa ma, wanda ya ishe mu wanka da wanki, daga rijiya ko burtsatse yake, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan zo da narkakkiyar silika, wani lokaci da ƙarfe da naitiret. Waɗannan ba sa hana ruwa yin haske a ido, amma abincin gansakuka ne.

Sabon akwati tamkar gonar da aka sare jiya ce: fili a buɗe, ga rana, ga taki, babu mai shi. Ciyawar da ta fi sauri ita ke fara kamawa, wata ta zo ta ture ta, har shukar da ake so ta yi ƙarfin da za ta yi musu inuwa. A cikin ruwa, masu gidan da ake jira bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya su mai da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mai da wannan naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi idan bai yi yawa ba. Kafin waɗannan bakteriya su zauna da gindinsu a jikin duwatsu da yashi akan ɗauki sati huɗu zuwa shida. Su ne omo ke kashewa.

Baƙuwar farko kusan kullum ita ce dayatom. Launinta tsakanin tsatsa da ruwan zuma, kuma shimfiɗa take yi siririya a kan yashi da gilashi da dutse. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: a shafa yatsa, za ta tashi ta watse cikin ruwa kamar ƙura, ba ta da yauƙi, ba ta jan zare, ba ta ɓantarowa a dunƙule. Kowace ƙwaya halitta ce guda mai zaman kanta, kuma tana gina wa kanta ɓawo da silika, wato abin da ake yin gilashi da shi. Nan sirrin zuwanta yake, nan kuma sirrin tafiyarta. Sabon yashi da sabon dutse da ruwan da ba a tace sosai ba suna sakin silika, ita kuma ta yi ta haihuwa. Da silikar ta ƙare, sai ta ja baya da kanta cikin 'yan makonni. Ba ta cutar da kifi. Aikin mai akwati a nan bai wuce ya goge gilashin gaba don ya ga kifinsa ba, ya sa 'yan dodon koɗin teku su yi kiwo a kanta. Idan kuwa wata uku ta wuce tana nan, to ana ƙara mata silika ne ba a sani ba, kuma wurin da za a fara bincike shi ne ruwan da ake cike gurbin wanda ya ƙafe da shi.

Na daɗe a kan dayatom saboda Bahaushe ya san ta tun kafin ya ga teku, sai dai bai san ita ba ce. A arewacin Chadi, kusa da Faya, tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, akwai wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani babban tafki ne, wanda tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Dayatom na ruwan daɗi sun rayu a ciki, sun mutu, ɓawonsu ya taru ya zama farar ƙasa mara nauyi. Ruwa ya janye, iskar arewa maso gabas da ke matsewa tsakanin duwatsun nan biyu ta samu abin ɗauka. Kaso mai yawa na hazon hunturu da ke rufe Maiduguri da Kano, ya hana jirgin sama sauka, ya gangaro har Legas a watannin Disamba da Janairu, daga wannan kwari yake tasowa. Ƙurar ba ta tsaya a gaɓar teku ba. Wani binciken masanan hukumar NASA ta Amurka da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa kimanin tan miliyan 27 na ƙurar Sahara ke sauka a yankin Amazon duk shekara, ɗauke da fosfaras wajen tan 22,000, takin da dajin ke buƙata. Abin da ke taki ga Amazon taki ne ga akwatin da aka bari a buɗe kusa da taga. Da hunturu a rufe shi da murfi mai barin iska ta ratsa, a kuma rufe bokitin da ake haɗa ruwa a ciki. Su kuwa dayatom masu rai da ke cikin tekuna da tafkunan duniya, masana na ƙiyasta cewa su ke samar da wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a doron ƙasa. Ina ganin halittar da ke da wannan matsayi ta cancanci a san sunanta kafin a kira ta datti.

Ta biyu ta fi muni a ido. Ja ce mai duhu, wajen launin makuba, wani lokaci ta yi baƙi-baƙi ko kore mai shuɗi, kuma tana shimfiɗa tabarma mai santsi a kan yashi, musamman a lungun da ruwa ba ya motsi. Da rana za a ga ƙananan kumfa sun maƙale a ƙarƙashinta. Idan aka tura mata ruwa da ƙarfi sai ta ɗago a haɗe, falle guda, ba ta watsewa irin na dayatom. Tana da ɗan wari na damshi. Wannan a haƙiƙa ba tsiro ba ce, bakteriya ce mai cin hasken rana, sayanobakteriya. Danginta ne suka fara cika sararin duniya da oksijin shekaru wajen biliyan 2.4 da suka wuce. Wata 'yar'uwarta kuma abinci ce a maƙwabtanmu: matan Kanembu na gabashin tafkin Chadi suna tace ta daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan rairayi, su ɓalla ta gutsure-gutsure su kai kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960, kuma ita ce sifirulinar da ake sayarwa yanzu a kantunan magani da tsada. Ta cikin akwati dai ba ta ciyuwa, wasu nau'o'inta ma suna da guba, kuma idan ta hau kan murjani tana shaƙe shi.

Abin da jar tabarma ke faɗa abu biyu ne: ruwa ya kwanta a wani wuri, kuma datti ya taru a wurin. Sai a zuƙe ta da siririn tiyo, a juya bakin famfon cikin akwati ya riƙa kaɗa lungun, a rage abinci. Yawancinmu hannunmu a sake yake wajen ciyar da dabba, kuma ɗabi'a ce mai kyau a garke, amma a akwatin gilashi abin da kifi bai cinye cikin minti biyu ba ya zama taki. Akwai masu zuba maganin kashe bakteriya irin wanda ake ba mutane. Yana share jar cikin kwana kaɗan, gaskiya ne, amma ba na goyon bayansa a sabon akwati, domin magani bai san bakteriyar da ake so da wadda ba a so ba, kuma dalilin da ya kawo ta yana nan bai gusa ba.

Ta ukun ita ce ke rikita har waɗanda suka daɗe a harkar, domin launinta ɗaya da dayatom. Sunanta dainofilajalet, masu kiwo kan taƙaita su ce daino. Bambancin yana wajen yauƙi da lokaci. Daino tana jan dogayen zare masu yauƙi daga kan dutse da yashi, da kumfa a maƙale a bakin zaren. Da asuba, kafin a kunna fitila, akwatin yakan yi kamar ya warke. Da rana ta yi tsaka sai ta dawo ta rufe ko'ina. Dalili kuwa ƙwayoyinta suna iyo, da dare wasu su bazu cikin ruwa, wasu su nutse cikin yashi. Alama ta uku mai tayar da hankali ce: dodon koɗin da aka sa don share gansakuka su fara kasala, su faɗo daga gilashi, su mutu, domin wasu nau'o'in daino guba ne. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida. A zuƙo yauƙin da ɗan ruwan akwati a kwalba, a girgiza sosai har ya watse, a tace da ƙyalle mai laushi, a ajiye ruwan da aka tace a wuri mai haske. Idan bayan awa ɗaya ko biyu zare ya sake haɗuwa a ciki, daino ce. Dayatom ba ta haɗa kanta haka. Wanda ke da ɗa ko ƙane a makarantar da ke da madubin ƙara girman abu, ɗigo ɗaya ya isa: dayatom takan zauna shiru ko ta ja jiki a hankali, daino kuwa juyi take yi.

Abin mamaki da daino shi ne sau da yawa tsabta ce ke kawo ta. Mai akwati ya tsorata da gansakuka, ya yi ta canza ruwa, ya zuba magungunan tsotse fosfet, wani abincin gansakuka irin naitiret, har ma'auni ya nuna sifili a naitiret da fosfet duka. Sauran ƙananan halittun da ke gasa da ita su mutu da yunwa, ita da ta iya zaman talauci ta gaje filin. Maganinta ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum: a dakata da canjin ruwa, a bar naitiret da fosfet su ɗan hau, a sa gawayin tacewa ya tsotse gubar, a riƙa zuƙe zaren da rana. Kashe fitila kwana uku yana rage ta, amma shi kaɗai ba ya raba ta da akwati. Wanda ya sa hannu a ruwan ya wanke da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.

Koriyar, wadda ta fi kama da ta gida, takan zo daga baya. Da farko ɗan kore-kore ne a gilashi, daga nan sai gashi mai laushi ya tsiro a kan duwatsun da suka fi samun haske. Irinta ce ake gani a jikin duwatsun da aka jibge a bakin mashigin tashar Legas da ginshiƙan gadoji idan ruwa ya janye. Naitiret da fosfet da haske ne abincinta. Kada ma'auni ya ruɗi mutum: yakan nuna babu komai a ruwa alhali dutse ya yi gemu, saboda gashin yana cinye takin da zarar ya fito. Ana tuge shi da hannu, a taƙaita fitila zuwa awa takwas, a janye akwatin daga inda rana ke faɗowa ta taga, a riƙa canza kashi goma cikin ɗari na ruwan duk sati. A duba da kyau ko gashin yana da rassa irin na gashin tsuntsu; idan haka ne, wani nau'i ne mai taurin kai da dodon koɗi ba su cika ci ba, gara a fitar da dutsen a yi aikinsa a waje. Akwai kuma masu kama da koren ƙwallo ƙanana masu sheƙi, waɗanda ake ɓamɓarewa a hankali daga gindi.

A nan Legas koriyar gansakuka tana da wani haɗari da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato ɗaukewar wuta. Da rana gansakuka tana sakin oksijin, da dare kuwa shaƙarsa take yi kamar kowace halitta. Ruwan gishiri tun asali bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, ruwa mai ɗumi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta, ga shi kifin murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, zafin Fabrairu da Maris kuwa yakan haura 30. Idan wuta ta tafi tsakar dare, famfo ya tsaya, akwati cike da gashi, kafin asuba iskar ta ƙare. Mai kiwon tarwada bai cika ganin wannan ba domin tarwada tana ɗagowa ta shaƙi iskar sarari. Kifin murjani ba shi da wannan baiwa. Ƙaramin injin hura iska mai batir ya fi kowane maganin gansakuka muhimmanci a gidan da ke Apapa, kuma shi ya kamata a fara saya kafin kifin.

Bayan watanni, idan ruwa ya daidaita, sai wasu ɗige-ɗige masu ruwan hoda ko shunayya su bayyana a dutse da bayan gilashi da jikin famfo. Farce ba ya cire su, sai reza. Wannan ita ce koralin, gansakuka mai gina jikinta da alli, kuma ita ce wadda ake maraba da ita. Ba ta tsirowa sai gishiri ya tsaya wuri ɗaya, kalsiyam ya kai wajen miligiram 400 a lita, fosfet bai yi yawa ba. Inda ta kama, gashi ba ya samun wurin kafa saiwa. A kankare ta gilashin gaba kawai, a bar sauran.

Saura abin da ake shigarwa da abin da ake fitarwa. Tun 2011 wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa da 'yan ƙwallayen iska a jikinta, sargasum, take taruwa a tsakiyar Atlantika tana faɗowa gaɓar Afirka ta Yamma daga Saliyo har Najeriya, tana cika tarun masunta. A 2018 an ƙiyasta nauyin abin da ke yawo a tekun ya haura tan miliyan 20. Wanda ya je bakin teku ya ga ta yi kyau, kada ya kawo ta akwati. Ruɓewa za ta yi ta ɓata ruwan. Fitarwar ta fi wannan nauyi. A 1984 aka fara ganin wata koriyar ciyawar ado ta akwatin kifi, Caulerpa taxifolia, a ƙasan teku daura da gidan nazarin teku na Monako, faɗinta bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Kafin shekara ta 2000 ta mamaye dubban hekta a gaɓar ƙasashe shida na tekun Bahar Rum, tana danne ciyawar asali da kifaye ke haihuwa a ciki. A wannan shekarar ta 1984 ne kainuwar nan mai fure shunayya, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo ruwan Legas ta mashigin Badagry daga Jamhuriyar Benin, kuma har yau duk ƙarshen damina tana toshe hanyar kwale-kwale da jiragen fasinja, sai gishirin rani ya hau ya kashe ta. Ciyawar da ke zuwa a jikin duwatsun da aka shigo da su daga tekun Indiya ko Fasifik gishiri ba ya kashe ta, a cikinsa aka haife ta, kuma ɗumin ruwanmu irin na gidansu ne. Magudanan Apapa kuwa gajeru ne, tsakaninsu da mashigi ba nisa. Duk abin da aka tuge daga akwati a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau, a ƙulle a leda, a sa a kwandon shara. Tsohon ruwan da aka zuƙe a ɗiga masa bilic, a bar shi ya kwana a bokiti kafin a zubar.